Wutar Littattafan Marigayi

Wajen ƙarfe goma na safe ne, ranar wata Alhamis a watan Nuwamba, ana ta irin yayyafin nan na garin Skelmoor, wanda ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya bi shi a hankali har ya kai ga ƙashi. Gwaggo Dorcas tana zaune a bakin gado a ɗakinta na can ƙololuwar bene, ta riga ta sa baƙar rigarta ta siliki, ta kafa 'yar hularta ta leshi, tana jira a zo a sauke ta. Ita da bakinta takan ce abu uku ake kakkaɓe wa ƙura a gidan nan ranar Alhamis: silifas ɗin marigayi, da tabaransa, da ƙanwarsa.

Marigayin shi ne Lemuel Garside, marubucin nan da duk Ingila ta zubar da hawaye a kan shafukansa. Marayu ya rubuta, da matan da aka mutu aka bari, da tsofaffin da dangi suka yasar. Da ya rasu ya bar wa ɗansa Cuthbert gida da suna, ya kuma bar masa Dorcas, wadda ba ta taɓa aure ba, ita ta riƙe gidan tun mutuwar uwar Cuthbert, ita ta raine shi. Littattafan yayan nata kuwa, biyu ta karanta har ƙarshe, na uku barci ya ɗauke ta a tsakiya, daga nan ta ga ai ba dole ba ne mutum ya karanta wanda yake wanke wa safa.

Ɗakin nata yana da murhu, ba wai babu ba. Abin dai shi ne bututun hayaƙinsa ɗaya ne da na ɗakin rubutun marigayi da ke can ƙasa. In aka hura wuta a biyun, sai hayaƙi ya juyo ya sauka ya cika ɗakin rubutu, ya baƙanta bayan littattafai. Su kuwa littattafai dole a hura musu wuta kullum ta Allah, don kada danshi ya kama su su yi fumfuna. Da aka zauna aka duba, sai aka ga a cikin biyun ɗaya ne zai haƙura. Aka kira magini ya toshe murhun Dorcas da bulo, ya shafe da farar ƙasa. Ta ja gadonta ta manna da bangon da hayaƙin ƙasa yake bi, inda in ka ɗora tafin hannu ka yi haƙuri, kakan ji wani ɗumi-ɗumi kamar na kujerar da wani ya tashi a kai. Takan ce ita ma tana cin arzikin adabi, ragowar dai.

Gwiwoyinta sun daɗe da daina jituwa da matakala, saboda haka a kujera ake sauke ta. Cuthbert yakan kama baya, tsoho Ibbotson mai aikin lambu ya kama gaba. Ran nan da suka ɗaga, Ibbotson ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ƙara raguwa tun wancan makon."

"Bayanka nake tausaya wa," in ji ta. "Kafin Kirsimeti a aljihu za ka riƙa sauke ni."

Cuthbert bai yi dariya ba. Cewa ya yi a kula a wajen kwana, kada ƙafar kujera ta goge bango, don a nan Baba yakan dafa.

A ɗakin rubutu wuta tana ci bal-bal, ba kowa a gabanta sai kujerar marigayi da aka kewaye da jar igiya. Aka ajiye Dorcas a ɗaya gefen murhun. Zafi ya fara shiga ƙafafunta da ƙaiƙayi da tsira, ta rufe ido tana sauraronsa yana hawa. Sannan aka buɗe wa baƙi. Masoya marigayi ne daga garuruwa, suna tafe suna sanɗa kamar an shiga coci. Cuthbert yakan nuna musu alƙalami, ya nuna kwalbar tawada da ta bushe, ya nuna silifas. In ya gama da silifas sai ya juyo ya ce ga kuma ƙanwar marigayi, wadda ta gan shi yana rubutu da idonta.

Dorcas ta daɗe da gane yadda abin yake: muddin baƙi suna tambaya, tana gaban wuta, da zarar sun tafi, an mayar da ita sama. Gaskiyar Lemuel kuwa ba ta kai a sha kofin shayi a kanta ba. Ya tashi, ya rubuta, ya nemi abinci, ya yi faɗa ana damunsa da surutu, shi ke nan. Don haka sai ta fara ƙara wa miyar gishiri. Ta ce in zai kashe wani a labari sai ya yini bai ci abinci ba. Ta ce yakan tashi ya yi muryar kowane mutum a gaban madubi. Wata Alhamis da sanyi ya matsa, baƙi kuma suka soma duban ƙofa, ta ce ba ya fara sabon babi sai ya ci ɗanyar albasa ɗungurungum, yana cewa ita take buɗe masa hanyar hawaye. Albasar nan ta saya mata zama har la'asar. Wani saurayi mai gashin baki ya yi ta tambaya, fara ce ko ja, ita kuwa tana ta ja masa rai tana juya ƙafa a gaban wuta.

In an mayar da ita sama takan yi wa kanta dariya. Mace ta shekara saba'in da ɗoriya ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ko mai kawo madara, yau ga ta tana shara wa gawa ƙarya saboda 'yan yatsun ƙafa.

Da sanyi ya ƙara shigowa sai tari ya kama ta. A nan ne ta roƙi abin da ta daɗe tana juyawa a rai. Ba ta ce a buɗe murhunta ba, ta san wannan an gama. Cewa ta yi a kafa mata ɗan ƙaramin gado a lungun ɗakin rubutu, bayan ƙofa, zuwa fitar sanyi kawai. Wutar ai ana hura ta ko da ita ko babu ita. Ran Alhamis a naɗe gadon a fitar.

Cuthbert ya saurare ta yana murza hannuwa. Mutum ne mai taushin murya, bai taɓa ɗaga mata harshe ba. Ya ce wallahi in don ta shi ne da yau ma an kafa. Amma Baba ya ce a bar ɗakin yadda ya bar shi, kuma yanzu ɗakin ba nasu ba ne su kaɗai, na ƙasa ne baki ɗaya, akwai ƙungiyar masoya marigayi, akwai kwamiti. Zai kai maganar gaban kwamiti.

Matarsa Lavinia ta hawo da rana da kofin romo, ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙudundune da mayafi. Ta ce Gwaggo ta yi tunani, man zafin da take shafawa warinsa yana kama labule, balle takarda. Dorcas ta ce to a sa ta a kicin, kusa da tanda, ba ta da girman kai. Lavinia ta dafe ƙirji ta ce ƙanwar Lemuel Garside a kicin kamar 'yar aiki, me gari zai ce? Ɗakin baƙi kuwa an keɓe shi don shugaban ƙungiya, wanda yakan iya zuwa ba sanarwa. Falo kuma a kan doguwar kujerarsa marigayi ya yi jinyar ƙarshe. Dorcas ta lissafa a zuci ta ga babu ɗakin da Lemuel bai taɓa zama ko jingina ko yin atishawa a ciki ba, sai nata, shi ma don bai taɓa hawowa ba ne.

Aka kira likita, don kada a ce ba a yi komai ba. Ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce iska mai sanyi tana da kyau ga ƙirji, ɗakuna masu zafi su suke kashe tsofaffi. Yana faɗa bai cire kwat ɗinsa ba, da ya gama kuma ya sauka da sauri ya sha shayi a gaban wutar falo. Aka ƙara mata bargo ɗaya. Mai dafa abinci ta riƙa aiko mata da bulo mai zafi naɗe cikin tsumma, wanda kafin ya gama hawa benen yakan huce rabi. Dorcas takan rungume shi ta ce ga mijin da Allah ya ajiye mata a ƙarshe: ba magana, ba faɗa, kuma ba ya daɗewa da ɗumi, kamar dai yadda ƙawayenta suka ba ta labarin nasu.

Ana cikin haka sai albasa ta fito a jarida. Ashe saurayin nan mai gashin baki ɗan jarida ne. Mista Ormerod, shugaban ƙungiya, ya taso takanas a jirgin ƙasa, fuskarsa ja wur. Daga sama Dorcas tana jin muryarsa tana hawowa ta cikin bango. Ya ce an mayar da babban marubucin ƙasa abin dariya a gidajen giya, yara suna bin 'yan ƙungiya a titi suna tallar albasa. Ya ce tsohuwar ta fara ruɗewa, kuma ba a sakin ruɗaɗɗe a gaban jama'a da sunan Garside.

Cuthbert ya hawo ya zauna a gefen gadonta, ya ce ba fushi yake yi ba. Daga yanzu dai in baƙi sun shigo ta gaishe su, in sun yi tambaya shi zai amsa. Sai zaman Alhamis ya koma ɗan taƙi. Kafin zafi ya wuce idon sawunta an gama da silifas, an gama da ita, Ibbotson yana tsaye yana jiran kujera.

Ta ce a ranta ita ta jawo. Da ta tsaya a kan madubi da azumi da yanzu tana nan tana gasa ƙafa. Kwaɗayi ne ya kai ta gonar albasa.

Bayan Kirsimeti dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ba baƙi, ba dalilin sauke ta. Ruwan butar wanke fuskarta ya riƙa wayar gari a daskare. Yatsun hannunta suka kumbura suka tsage, ba ta iya riƙe cokali sai ta haɗa hannu biyu. Tarin ya sauka daga maƙogwaro ya koma ƙasan ƙirji, in ya taso sai ta kama ƙarfen gado. Kowace safiya tana jin 'yar aiki a ƙasa tana kwashe toka tana zuba gawayi, tana hura wa ɗakin da ba kowa. In Cuthbert ya leƙo, ta tambayi kwamiti, sai ya ce ba su zauna ba tukuna, hanya ba ta biyuwa, amma ranar bikin haihuwar Baba duk za su hallara.

Bikin a ƙarshen Janairu yake. Al'adar ƙungiya ce a ranar su taru a ɗakin rubutu da hantsi, shugaba ya tsaya kusa da kujerar marigayi ya karanta babi ɗaya da ƙarfi, sannan a sha shayi. Ba a yin bikin ba tare da jinin Garside a zaune ba, don haka aka sa wa Dorcas rigar siliki, wadda yanzu sai da aka kama ta da fil a baya, aka sauke ta. Da zafin wutar ya buge ta sai ta ji jiri kamar ta sha giya. Ta yi alkawari a ranta yau ko numfashi ba za ta yi da ƙarfi ba, a ga tsohuwa mai tsabta, mai shiru, wadda ba za ta ɓata wa littafi rai ba.

Babin da Mista Ormerod ya zaɓa shi ne wanda aka fi so, mutuwar tsohuwa Bess Tolliver, wadda 'ya'yan ɗan'uwanta suka ajiye a ɗakin sama ba wuta, suna ƙasa suna cin naman agwagwa. Yana da muryar karatu, Allah ya ba shi. Kafin ya kai inda Bess take hura hannuwanta tana kallon taga, hankici ya fito ta ko'ina. Lavinia tana sharɓar hawaye. Cuthbert ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, don shi wannan babin bai taɓa jinsa bai yi kuka ba.

A daidai nan tari ya taso wa Dorcas. Ta danne shi, ta haɗiye, ta cusa hankici a baki. Ya ƙi. Da ya ɓalle sai ya fito da dukan abin da ta tara, mai kauri, mai kurman sauti, ba ya yankewa. Mista Ormerod ya dakata, ya sa yatsa a kan layin da ya tsaya, ya ɗaga ido sama yana jira. Da ta lafa ya ci gaba, sai ya sake tasowa. Lavinia ta yi wa mijinta ido. Aka kira Ibbotson.

Suna fita da ita, wata mata mai hular gashin tsuntsu ta tattare siket ɗinta don kujera ta wuce, tana share ido, tana ce wa ta kusa da ita ita dai ba ta gane yadda za a ce akwai masu zuciyar yi wa tsohuwa haka ba.

A kan matakala Ibbotson yana ta huci. Dorcas ta ce masa, tsakanin tari da tari, "Bess ta fi ni ladabi. Ka ji ta yi tari ko sau ɗaya? Yayana bai taɓa ba wa mutanensa majina ba."

Daga ranar ba ta ƙara tashi daga gado ba. Romo yakan koma kamar yadda ya zo. A gari kuwa in an tambayi Cuthbert jikin Gwaggo, yakan girgiza kai ya ce tsufa ne, ana iya ƙoƙari. Mutane su yaba masa, su ce ɗan na gada ne, wani da tuni ya kai ta gidan gajiyayyu. Ba wanda yake zaginta a gidan nan, ba wanda ya taɓa hana ta abinci. Kowa yana da dalilinsa, kuma kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai ka juya, sai ka ga ba laifi.

Wata la'asar cikin Fabrairu Cuthbert ya hawo sanye da baƙar kwat ɗinsa ta fita, zai je ba da lacca a kan tausayin marigayi a zauren gari. Ya tsaya yana busa hannu. Ya ce kwamiti sun zauna, sun yi dogon nazari, kuma kowa ya yi maganarta da girmamawa. Batun gado dai ba zai yiwu ba, don in aka fara sa kaya a ɗakin, ba a san inda za a tsaya ba. Amma sun yanke wani abu da bakinsu ɗaya, wanda ba a taɓa yi wa kowa ba ban da marigayi. In lokacinta ya yi, Allah ya nisanta, a ɗakin rubutu za a ajiye akwatin gawarta har ranar jana'iza, jama'a su zo su yi ban kwana.

Dorcas ta dube shi. Da gaske yake, idonsa har ya kawo ruwa.

"To madalla," in ji ta. "Ashe dai zan sauka. Za a hura wutar?"

"Haba Gwaggo, kin fi ni sani. Ba a hura wuta inda gawa take."

"Littattafan fa?"

"Kwana biyu ko uku ba zai yi musu komai ba," in ji shi. "Mista Ormerod ma ya ce ko mako guda ne za su jure."

Ta buɗe baki za ta ce to a ba ta makon nan yanzu, tun tana iya jinsa, a kashe wutar ƙasa a fasa bulon nan a hura tata. Sai ta ga ya riga ya ciro agogon aljihunsa yana dubawa. Ta san amsar, har ta san muryar da zai faɗe ta da ita: wannan ai magana ce daban, sai kwamiti. Dariya ta taso mata, ta rikiɗe ta zama tari, ya tsaya yana jira cikin haƙuri har ta gama.

Da ya mayar da agogon sai maɓallin kwat ɗinsa na tsakiya ya biyo hannunsa, yana reto a zare ɗaya. Ya dube shi kamar yaron da ya fasa kofi. Lavinia ta riga ta yi gaba, keken doki yana jira a ƙofa.

"Matso," in ji Dorcas. "Miƙo min gwangwanin ɗinkin can."

Zura zare a allura ya ɗauke ta lokaci, don yatsun ba sa jin abin da suka riƙe. Ya tsaya a gefen gado ya ɗaga haɓa sama, yana maimaita farkon laccarsa ƙasa-ƙasa. Ta soka, ta ja, ta soka, allurar ta shiga babban yatsanta ba ta sani ba sai da ta ga ɗigon jini, ta goge a bargo don kada ya taɓa masa kwat. Ta naɗe zaren a gindin maɓalli, ta ƙulla, ta sunkuya ta yanke da 'yan haƙoran da suka rage.

Cuthbert ya ja maɓallin ya ji ya kama. Ya ce ya ɗan karkace, amma ba wanda zai lura daga nesa. Ya gyara wuyan riga ya fita da sauri, bai ja ƙofar ba.